Lauyan da ya yarda a soke lasisinsa: an hukunta shi ko an rufa masa asiri?

Malam Habu: A Amurka, lauyan da ake bincike kan cin amanar wanda yake wakilta zai iya sa hannu cewa ya amince a soke masa lasisi, shi ke nan a fasa zaman sauraron tuhumar. Ni dai a ganina rufa-rufa ce. Mutum ya ci kuɗin marayu, a bar shi ya sulale ba wanda ya ji abin da ya yi.

Barista Zainab: Malam, ba a banza ake sa hannun ba. Sai ya rantse a rubuce cewa ya san tuhumar, kuma ba shi da abin kare kansa. Tsohon shugaban Amurka Richard Nixon ya so ajiye lasisinsa na lauya a New York bayan badaƙalar Watergate da ta sa ya sauka daga mulki, amma ya ƙi amsa hakan a takarda. Kotu ta ƙi karɓar murabus ɗin, ta kore shi daga aikin a 1976.

Malam Habu: To wa ke ganin takardar rantsuwar, Barista? A wasu jihohin kulle ta ake yi. Jama'a su ji an kori wane, dalili kuwa sai Allah.

Alhaji Isa: Abin da ke ci min rai ke nan. Matar da aka karɓo wa diyyar mijinta lauya ya cinye, tana da haƙƙin ta tsaya gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi ta faɗi ta'asar da aka yi mata.

Barista Zainab: Ranka ya daɗe, na ji zafin nan. Amma zaman ladabtarwa kan ɗauki shekaru, in kuma ba a dakatar da shi ba, yana nan yana karɓar kuɗin wasu. Soke lasisi bai hana a gurfanar da shi kan sata ba, bai hana ta kai ƙararsa ba, kuma jihohi na da asusun biyan waɗanda lauyoyi suka cuta.

Hajiya Rabi: Ai a jihohi da dama bayan shekara 5 yana iya neman a mayar da shi. Wannan fa?

Barista Zainab: Yana iya nema, Hajiya, amma shi zai kawo hujjar ya gyaru, kuma rantsuwar da ya yi tana gaban alƙalai.

Malam Habu: Na yarda a gaggauta cire shi. Amma a buga takardar kowa ya karanta, tunda kuɗin mutane ya riƙe.