Me ya sa sai a Jamus aka fara sanin Nneka kafin a san ta a gida?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon tura waƙoƙi a waya a nan Agege, kuma a makon jiya wata ɗaliba ta miƙo mini wayarta ta ce in zuba mata waƙoƙin Nneka, na duba kwamfuta kaf ban sami ko ɗaya ba. Da na nemo na saurara, sai na ji salon rege ne gauraye da sol, kuma har da Turancin buroka irin namu. Tambayata ga manya ita ce: me ya sa 'yar Najeriya za ta yi suna a Turai alhali a kasuwarmu ba a cika neman ta ba?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An haifi Nneka Egbuna a Warri da ke yankin Neja Delta a 1980, mahaifinta Ibo ne, mahaifiyarta kuma Bajamusa. Tana budurwa ta koma birnin Hambog na Jamus, inda ta yi karatun ilimin al'adun ɗan'adam a jami'a, kuma a can ta haɗu da makaɗi DJ Farhot, wanda ya daɗe yana haɗa mata sauti. Kundinta na farko ya fito a 2005, na biyu a 2008, kuma a cikin na biyun ne waƙar "Heartbeat" take, wadda ta kai ta gidajen rediyon Turai. A 2009 ta karɓi kambun MOBO na Ingila a rukunin mawaƙan Afirka, a 2010 kuma ta bi mawaƙa Nas da Damian Marley rangadi a Amurka.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, duk wannan tafiya ba ta sauya abin da take waƙa a kai ba. Maganarta ita ce man Neja Delta, da cin hanci, da shugabannin da suka ci amanar talaka, har takan ambaci Ken Saro-Wiwa, marubucin nan mai fafutukar kare Neja Delta da aka rataye a 1995. Turai ta ba ta dandali da kamfani da masu sayen tikiti, amma kayan miyar daga Warri ta ɗauko su. A can akwai bukukuwan kiɗa na lokacin bazara, inda mawaƙi zai hau dandali da jita da makaɗansa a biya shi, ko da waƙarsa ba ta rawa ba ce.

Tsohon Mai Kaset:
Malam ya yi bayani, amma bari in ƙara abin da idona ya gani, domin na yi shekaru ina sayar da kaset a Obalende. Ba gaskiya ba ne a ce Legas ba ta son rege. A 1988, lokacin da Majek Fashek ya fitar da "Send Down the Rain", wato a sauko da ruwan sama, sai in buɗe kwali da safe, kafin la'asar ya ƙare, direbobin manyan motocin haya na molue kuma suna tsayawa a bakin rumfata su saya. Har laƙabin mai kawo ruwa aka yi masa, ko da yake mu dai mun san ruwa na Allah ne. Ga kuma Ras Kimono da Orits Wiliki, ga kasetin Lucky Dube daga Afirka ta Kudu da ba ya kwana a rumfata.

Matsalar ita ce kuɗin ba ya komawa ga mai waƙar. Masu kwafin bogi su ne ke cin moriyar, musamman bayan zuwan faifan sidi, kuma kamfanonin da ke ɗaukar nauyin mawaƙa suka durƙushe. Majek kuwa ya tafi Amurka, kamfanin Interscope ya fitar masa da kundi a 1991. Sai dai fita waje ba ita ce ke tabbatar da rufin asiri ba, domin daga baya ya sha fama da rashin lafiya da ƙuncin rayuwa, har ya rasu a New York a watan Yunin 2020.

'Yar Mile 12:
Baba, ina neman afuwa, amma ina ganin zamanin ya ɗan sauya. Mawaƙiya Asa a Faris aka haife ta, a nan Legas ta tashi, kuma kundinta na 2007 ya karɓu a Faransa da Najeriya kusan a lokaci guda, har yara a unguwarmu suna rera baitocinta na Yarabanci. Yanzu da intanet, mai sauraro ba ya jiran rediyo ta zaɓa masa, shi ya sa ɗalibar nan ta san Nneka kafin mai shago ya san ta.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na buɗe wa waƙoƙin Nneka da na Asa waje na musamman a kwamfutar. Baba, idan kana da sauran kasetin Majek na asali, zan zo Obalende ranar Asabar in gani.