Maus na wasa: wanne ya dace in saya?

Abba K.: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan maus. Wasannin harbi CS2 da Valorant nake bugawa a laptop, wani lokaci PUBG ta GameLoop, manhajar buga wasan waya a kwamfuta. Kuɗina ba su kai na Superlight, maus ɗin Logitech mai tsada, ba, kar ma a kawo maganarsa. Na ga wani a shago an rubuta DPI 12,800 a kwalinsa, yana da fitilu kala-kala, kuma da araha. In ɗauka?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Kar ka ɗauka. Fitila ba ta harbi.

Injiniya: Abba, DPI na kwali shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Abin da yake nufi kawai shi ne nisan da kibiya za ta yi a allo idan ka ja maus inci ɗaya. Akasarin ƙwararrun CS a 400 ko 800 suke wasa, wasu 1600. To me za ka yi da 12,800?

Sensa ce maganar, wato idon da ke ƙasan maus mai karanta motsinsa. Kowace sensa tana da iyakar gudun da take iya bi, ana auna shi da IPS, wato inci nawa cikin daƙiƙa. Idan ka fizgi hannu za ka juya baya ka wuce wannan iyaka, sai ta rikice, ka tarar bindigarka na kallon sama ko ƙasa, kafin ka dawo an riga an kwantar da kai. Maus na ofis da aka saka wa fitilu nan yake faɗuwa. PixArt PMW3360 tana kai IPS 250, PMW3389 tana kai 400, PAW3395 kuma 650. Daga 3360 zuwa sama hannun ɗan Adam ba ya ƙure su, don haka kar wani ya ruɗe ka da cewa sai 3395. HERO ta Logitech ma tana cikin sahun. Idan kwali ya cika da surutun DPI amma bai faɗi sunan sensa ba, akwai dalili.

Gwaji a shago: a jona maka shi, ka ja shi da ƙarfi daga hagu zuwa dama sau da yawa a kan layi ɗaya. Idan kibiya ta tsaya cak ko ta yi tsalle ta tafi wata kusurwa, ka ajiye musu kayansu.

Sadiq: G102 na Logitech. Shi ke nan. Giram 85, 1000Hz (saƙo dubu zuwa kwamfuta duk daƙiƙa), maɓallai shida. A wasu ƙasashe G203 ake ce masa, abu ɗaya ne.

Ummi: Kafin kowa ya ambaci suna, wa ya tambaye shi girman hannunsa? Yaya Abba, ɗauki rula ka auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Sannan ka lura da yadda kake riƙo. Akwai mai kwantar da tafin hannu gaba ɗaya a kan maus, akwai mai lanƙwasa yatsu, gindin tafinsa kaɗai ke taɓa bayan maus, akwai mai riƙewa da kan yatsu zalla. G102 tsawonsa bai cika santimita 12 ba, kuma bayansa ba shi da tudu sosai. Mai hannu santimita 19 zuwa sama, idan mai kwantar da tafi ne, ƙaramin yatsansa zai riƙa jan ƙasa, wuyan hannu ya gaji. Irin wannan DeathAdder na Razer ne nasa, tsawonsa kusan 12.7, ko Zowie EC1. Ƙaramin hannu kuma G102 ɗin, ko Viper Mini idan an same shi, giram 61 ne.

Sadiq: Gaskiya ne Ummi, na yi gaggawa da ban tambaya ba. Amma har yanzu G102.

Baban Hanif: Ni dai G502 nake ba kowa shawara. Maɓallai 11, ga nauyi a hannu, ka san ka riƙe abu.

Ɗan Zariya: Baban Hanif, giram 121 fa. Kuma har da ƙarafa biyar na ƙarin nauyi a kwalin. Maus za a saya ko dutsen guga?

Baban Hanif: Yaran zamani ba ku da ƙashi, shi ya sa.

Injiniya: Ku biyun kowa da gaskiyarsa, wasan ne ya bambanta. Mai GTA, ko Dota, ko mai haɗa wasa da aikin yankan bidiyo, maɓallan G502 za su yi masa amfani. Mai CS da Valorant yana ɗaga maus yana mayar da shi tsakiya ba adadi a kowane zagaye, kuma tsayar da abu mai nauyi daidai kan mutum ya fi wuya. Shi ya sa Superlight da ya fito a 2020 yake giram 63, na biyunsa 60. Ga Abba, duk abin da ya yi ƙasa da 90 ya isa.

Mai Gyara: Bari in faɗi abin da ba a rubutawa a kwali, don shi ke kawo maus teburin gyara. Ba sensa ke mutuwa ba. Makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin hagu shi ke fara tafiya.

A cikin makunnin akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke taɓa wani idan ka danna. Duk dannawa sai ya ɗan yi rawa kafin ya zauna, kuma an tsara maus ya yi watsi da wannan rawar na 'yan milisakan. Idan ƙarfen ya gaji, ko bakinsa ya yi tsatsa, rawar sai ta wuce lokacin da aka ware mata. Daga nan danna ɗaya ya koma biyu. Alamar farko ba a wasa take bayyana ba: za ka ja fayil ya suɓuce a hanya, ko ka rufe shafi ɗaya biyu su rufe. A wasa kuma kana riƙe da maɓalli kana feshi sai harbi ya yanke.

Ba a jefar da maus saboda wannan. Yawancinsu Omron D2FC-F-7N ne a ciki ko mai ƙafafu irin nasa, kuma Kailh GM 8.0 da Huano suna shiga gurbinsa daidai. Yadda ake yi: a ɗan ɗumama ƙafafun roban da ke ƙasa, a ɓare su a hankali, sukurori na ƙarƙashinsu. A buɗe a hankali, don wasu akwai siririyar waya tsakanin sama da ƙasa, fizga ɗaya ta tsinke. Makunnin ƙafa uku gare shi. A sa ƙarfen solda wajen digiri 330 zuwa 350, a ƙara sabuwar dalma kaɗan a kan tsohuwar don ta narke da wuri, a zuƙe. Kar a bar ƙarfen ya wuce 'yan daƙiƙu a wuri ɗaya, in ba haka ba tagullar allon ta ɗago, aiki ya koma ɗinki da waya. Sabon ya zauna daram a kan allo kafin a solda shi, idan ya karkace maɓallin zai yi tauri ko ya ƙi dawowa. A canza hagu da dama tare don sautinsu da taurinsu su zo ɗaya. Duk mai gyaran waya da hannunsa ya zauna zai iya.

Masu fesa sifirit a ciki, yana ɗan taimakawa, amma ciwon na dawowa.

Wanda ba ya son wannan wahalar ya nemi mai makunnin haske. Shi ba ƙarfe ke taɓa ƙarfe ba, haske ake yankewa, don haka ba ya wannan danna biyun. DeathAdder V2 da V3 da Viper Mini duk irinsa ne. Amma DeathAdder Essential na ƙarfe ne, kar sunan ya ruɗe ku. Kuma na haske ba ya karɓar na ƙarfe a gurbinsa. Wasu ROG Gladius na ASUS kuma makunninsu cirewa ake yi da hannu, babu solda.

Abba K.: Allah Ya saka da alheri Oga. To mara waya fa? An ce yana da jinkiri.

Ɗan Zariya: Tsohon labari.

Injiniya: A rarrabe. Bluetooth yana da jinkiri, yawanci wajen 125Hz yake, wato saƙo ɗaya duk milisakan 8, bai dace da harbi ba. Mai ɗan kan USB na 2.4GHz, irin Lightspeed na Logitech ko HyperSpeed na Razer, 1000Hz yake yi, milisakan 1, daidai da mai waya. Mafi sauƙin kuɗi cikin sanannu shi ne G305, wanda a Asiya ake kira G304. Siffarsa ta G102 ce, sensa HERO, batir AA guda ɗaya, kamfanin ya ce awa 250, giram 99 da batirin. Idan aka sa batirin lithium, wanda yake wajen giram 15 maimakon 23 na alkaline, nauyin na raguwa kuma bayan ba ya rinjaya.

Abu biyu ke sa mutane su zagi mara waya. Na ɗaya, soka ɗan kan a ramin USB 3.0, ko kusa da filashi ko hadis da ke aiki a 3.0. USB 3.0 na fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz, Intel ma ta fitar da takarda a kai tun 2012. A yi amfani da kebul ɗin ƙari da ke cikin kwali, a kawo ɗan kan gaban tabarmar maus, kamar taƙi ɗaya daga maus. Na biyu, batirin rediyo mai arha. Ba ya daɗewa, kuma idan ya kwana biyu a ciki sai ya zubar da ruwa ya ci ƙarafan.

Sadiq: 8000Hz fa Injiniya?

Injiniya: A laptop mai allon 60Hz? Hoto ɗaya yana ɗaukar milisakan 16.7, kai kana faɗa kan bambancin 1 da 0.125. Ga shi yana ƙara wa furosesa aiki, a ƙaramar na'ura har sarƙewa yake jawowa. Wannan kuɗin a tara a sayi allon 144Hz.

Nura Pes: Duk wannan lissafi a kan ɓera. Ku zo eFootball ku ga maza, hannu biyu a fad.

Ɗan Zariya: Nura, wanda aka ci 5 babu ko ɗaya ranar Asabar ba ya magana a zauren manya.

Nura Pes: Wuta aka ɗauke.

Ɗan Zariya: Bayan an tashi wasa aka ɗauke ta.

Admin: Ku koma zauren ƙwallo da wannan don Allah.

Ummi: Abin da ya fi damuna ba a taɓa shi ba: jabu. G102 da G304 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kwali da tambari duk iri ɗaya. Ko a Beirut Road za ka saya, ko Banex, ko ta intanet, ka je da laptop ɗinka da G HUB, manhajar Logitech, a kai. Na gaske yana bayyana da sunansa da hotonsa da zarar an jona, har ka canza DPI da launin fitila daga ciki. Idan manhajar ba ta gan shi ba, magana ta ƙare. Na Razer kuma Synapse. Ka kuma haɗa lambar da ke ƙarƙashin maus da ta jikin kwali. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Baban Hanif: Na hannu fa, irin na Balgiyam?

Mai Gyara: Ana samun na kirki. A gwada abu uku. A danna hagu a riƙe, a ja fayil a zagaya allo da shi, a ga ko zai suɓuce. A juya taya a hankali ƙasa, a ga ko shafi zai yi tsalle ya koma sama, wannan alamar ƙura ce ko gajiyar abin da ke ƙirga juyin tayar. Sannan a murɗa kebul daidai inda ya shiga maus, idan fitila ta ƙifta to wayar ta fara karyewa a ciki. A duba ƙafafun ƙasa kuma, idan sun cinye ana sayar da na PTFE, wata roba mai santsi, daban.

Bahago: Mu fa masu hagu, ko an manta da mu?

Sadiq: G Pro Wireless na farko, maɓallan gefensa ana cirewa a mayar ɗaya ɓangaren. Viper na farko da Viper Ultimate ma suna da su gefe biyu. Superlight siffarsa ɗaya hagu da dama, amma maɓallan gefe na mai dama ne kawai.

Injiniya: Abba, duk wanda ka saya, ga saiti. DPI 800, 1000Hz. A Windows ka cire alamar Enhance pointer precision, ka bar sandar gudu a tsakiya, ta shida cikin 11. CS2 da Valorant kai tsaye suke karanta maus, amma a GameLoop da sauran wurare wannan alamar na sa nisan kibiya ya danganta da gudun hannu, hannunka ba zai taɓa haddace komai ba. A CS2 fara da saurin maus na cikin wasan (sensitivity) a 1.0, wato wajen santimita 52 kafin ka zagaya gaba ɗaya. Don samun daidai wannan a Valorant, raba da 3.18, zai ba ka wajen 0.31. Idan ya yi maka nauyi ka ƙara kaɗan, sannan ka bar shi haka, kar ka riƙa canzawa duk ranar da aka ci ka.

Kuma wannan saitin ba ya yiwuwa a kan ɗan ƙyallen da ake bayarwa kyauta. Tabarmar yadi mai faɗin santimita 45 da 40 ake so. Teburin gilashi ko mai sheƙi na rikita yawancin sensa.

Mai Gyara: Da hunturu a riƙa kakkaɓe tabarmar kullum. Gashi ɗaya ko ƙura a ramin sensa ya isa ya sa kibiya rawa, mutum ya ɗauka maus ya lalace. Auduga mai tsinke da sifirit ɗin masu gyaran waya kaɗan. Ban da fetur, yana cin roba.

Abba K.: Na auna, 19.5 ne, kuma tafi nake kwantarwa.

Nura Pes: Ɗan Zariya, Asabar mai zuwa ka zo da fad ɗinka, ba na son uzuri.

Baban Hanif: Tunda ana nan, allon rubutu fa, ja ko shuɗin makunni?

Sadiq: Ja. Ƙarar shuɗi za ta sa maman Hanif ta fitar da kai tsakar gida da kwamfutar.