Oganku yana barin ku ku tashi aiki a kan lokaci?

Maman Hanif, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu ina aikin banki. Ƙarfe 4 muke rufe wa kwastomomi ƙofa, amma a zamanin tsohon manajanmu ba wanda ya isa ya ɗauki jaka kafin shi ya fito, ko da tun biyar ka gama haɗa lissafinka. Sai bayan isha'i nake isa gida, in tarar yara sun yi barci a falo da kayan Islamiyya a jikinsu. Wallahi abin yana ci mini rai. Bara aka kawo mana wata mata, ta ce duk wanda lissafinsa ya daidaita ya tafi gida. Aikin bai ragu ba, albashin ma yana nan yadda yake, amma yanzu ni nake yi wa Hanif tilawa. Ku ya abin yake a wajenku?

Ɗan Masaka:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Masaka nake zaune, ina aiki a Wuse, cikin Abuja. Ana sallame asuba nake fita saboda cunkoson Mararaba da Nyanya. Ogana a cikin gari yake, sai ya kira mitin ƙarfe biyar na yamma, bai san cewa wannan awa ɗayar tana ja mini awa uku a hanya ba. Ga saƙon WhatsApp sha ɗayan dare, in ba ka amsa ba da safe ka ga ya ɗaure fuska.

Malamar ofis, Kaduna:
Mu tun Disamban 2021 gwamnatin El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu, aka ƙara lokacin tashi zuwa ƙarfe 5. Na ji daɗinsa sosai, ranar Juma'a nake kai mahaifiyata asibiti. Sai dai wata ƙawata daraktansu kusan kowace Juma'a sai ya nemo dalilin kiransu.

Baban Ilham:
Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14 tun 2021. Da matata ta haihu, tiyata aka yi mata, na kai takarda. Oga ya dube ni ya ce ni na haihu? Abokan aiki ma suka tayar da surutu. Kwana uku na samu, ranar suna ma da izini na fita. Na fi jin zafin na abokan aikin, domin su ma suna da iyali.

Mai shago, Kantin Kwari:
Ni ne ogan a nan, yara biyar nake da su. Da ban taɓa tunanin hutunsu ba, sai da ɗaya ya rasa jana'izar kawunsa saboda yana tsoron tambayata. Na ji kunya ƙwarai. Yanzu kowa yana da ranarsa guda a mako, da azumi kuma ana la'asar muke rufewa.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri Alhaji. Baban Ilham, ya jikin mai jegon yanzu?