Jijiya ta taurara a gabana, sati bakwai ke nan

Assalamu alaikum. Likitocin da ke nan, a taimaka.

Daga Jos nake, shekarata 31, ina da aure. Washegarin wata saduwa da iyali na ga wani abu ya taso a bayan kan kaciya, ya kewaye rabin gaban kamar siririyar igiya a ƙarƙashin fata. Yana da tauri in na taɓa, launin fatar bai canja ba. Babu zafi, babu mugunya, fitsari lafiya lau.

Na je asibiti, aka yi gwajin ciwon sanyi, tunjere da ƙanjamau, duk ba a ga komai ba. Likita ya ce kumburin magudanar ruwan jiki ne, ba cutar da ake ɗauka wajen saduwa ba, kuma yakan baje da kansa cikin sati shida in an huta. Na ƙaurace wa iyali, na sha ibuprofen kwana goma, ina gasawa da ruwan ɗumi safe da yamma. Ko kaɗan bai ragu ba, maiɗakina ma ta fara yi mini kallon tuhuma, abin yana ci mini rai.

Tunda wa'adin ya wuce, in ci gaba da jira ne, ko in nemi likitan mafitsara ya yi hoto ya duba ko jini ne ya daskare a jijiyar?