Baƙin man injin yankan ciyawa yana warin fetur

Mai lambu, Ikoyi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramar tarakta ce nake yanke ciyawar gidan maigidana da ita. Jiya na zaro gejin auna baƙin mai, baƙin mai ya wuce layi, ya tsinke kamar ruwa, sai warin fetur. Ban ƙara ko ɗigo ba. Tana kuma fitar da farin hayaƙi. Hankalina a tashe yake, amanar mutane ce.

Bakanike, Agege:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake tayar da ita! Kusan kullum matsalar kafireta ce, wato abin da ke haɗa fetur da iska. Allurar cikinta da ke tsayar da fetur ta ƙi rufewa, sai ya riƙa zuba cikin silinda da dare, ya bi gefen ringi, wato zoben fistan, ya gangara cikin baƙin mai. Man da ya tsinke ba ya riƙe ƙarfe, injin zai iya bugawa. A wanke kafireta, a zubar da man, a canza filta.

Direba, Mile 12:
Ni tawa famfon fetur ne ya fashe. A duba shi ma. Ka sa makulli a tiyon tanki, ka riƙa rufewa in ka gama aiki.

Mai lambu, Ikoyi:
Na gode, Oga. Gobe da safe zan sanar da maigida.