Ina neman shawara kan kai ɗalibai Yankari daga Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Kaduna, kuma wata biyu ke nan ina fama da maganar kai ɗalibaina 'yan aji biyar su ga namun daji da idonsu. Da farko Kamuku na yi niyya, tunda a jiharmu yake, can yankin Birnin Gwari, kuma tun 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. Amma kowa ya san halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga saboda 'yan bindiga, ko ni ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in bi da su ta can ba.

Sai na koma kan Yankari a Bauchi, inda akwai giwaye da ruwan ɗumi na Wikki. A nan abin ya tsaya. Iyaye goma sha ɗaya kawai suka sa hannu a takardar izini. Wata uwa ta zo har ofis, ta riƙe takardar ba ta sa hannu ba, ta ce, "Malam, ka tabbatar min za su dawo lafiya?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta.

Don Allah wanda ya je kwanan nan, wace hanya kuka bi, ta Saminaka zuwa Jos ko ta Kano da Ningi? Ana kwana a Bauchi ne a shiga da safe? Kuma masu gadin dajin suna raka ayarin makaranta ciki? So nake mu je kafin damina ta faɗi, lokacin da dabbobi ke taruwa bakin kogin Gaji.