Magungunan danne garkuwar jiki bayan dashen ƙoda: abin da likitoci suka tattauna

Tacrolimus, maganin da ke hana jiki yaƙar ƙodar da aka dasa, shi ne ya cinye rabin tattaunawar, kuma ya cancanta, domin tazarar da ke tsakanin amfaninsa da illarsa ƙanƙanuwa ce. Ana shan sa sau biyu a rana, awa 12 tsakani. Ranar gwaji a ɗebi jini kafin a sha na safe. Wanda ya riga ya haɗiya, sakamakonsa zai fito sama, a rage masa magani a kan kuskure. Bayan watannin farko, yawanci ana neman maganin ya kasance nanogram 5 zuwa 10 a kowace mililita ta jini. Idan ya gaza, jiki ya fara yaƙar ƙodar. Idan ya zarce, maganin da kansa ya lahanta ta, ga karkarwar hannu da hauhawar sukari.

Haɗa magunguna ne babban tarko. Rifampicin na tarin fuka yana sa hanta ta narkar da tacrolimus da sauri, har sai an ninka adadin da ake sha. Fluconazole da clarithromycin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuwa ɗaga yawansa a jini suke yi, haka ma zawo, abin da mutane da yawa ba sa zato. Diclofenac da ibuprofen na kemis, a bar su. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma haka.

Mycophenolate, wani maganin danne garkuwar jiki, yana nakasa ɗan tayi, don haka mai son ɗaukar ciki ana mayar da ita kan makamancinsa, azathioprine, aƙalla mako shida kafin nan, kuma ba a haɗa azathioprine da allopurinol, maganin ciwon gaɓoɓi na gout. Prednisolone, shi ma mai danne garkuwar jiki, ba a yanke shi kwatsam. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever), da yake ƙwayar cutar cikinta rayayya ce, ba a yi wa mai dashe.